An kashe kwamfuta, monita ya ƙi kwanciya: yadda za ka gano mai laifi tsakanin kebul, monita da CPU

Ƙarfe tara na dare mai shagon buga takardu ya danna Shut down, fankar CPU ta yi shiru, ya ɗauki kwaɗo zai ja ƙofa. Da ya waiga sai ya ga monita yana nan da haskensa, wani ɗan akwati mai rubutun No Signal yana yawo daga wannan kusurwa zuwa waccan. Wani kuma matsalarsa ta safe ce. Jiya lafiya lau ya kashe, yau ya kunna, fanka na juyawa amma fuskar monita baƙa ƙirin, sai ya zare kebul ya mayar sannan hoto ya fito. Akwai ma wanda ya zare fulogin CPU daga bango gaba ɗaya, ya leƙa ciki ya tarar da wata 'yar fitila tana ci a jikin madabod, wato babban allon da komai yake jone da shi a cikin CPU, har ya fara tunanin ko mutanen ɓoye ne suka tare a akwatin.

Duk ukun na sha karɓarsu a teburina na gyara, kuma kusan kowa da magana ɗaya yake zuwa: "Oga, monitan ne ya lalace, nawa zan samu wani?" Sau da yawa monitan lafiyarsa ƙalau. Abubuwa uku ne a haɗe: kwamfuta, kebul da monita. Bayan an kashe, ɗayansu ne yake riƙe da wuta, ko yake ci gaba da magana a lokacin da ya kamata ya yi shiru. Aikinka ka raba su ɗaya bayan ɗaya har mai laifin ya fito fili. Kafin nan kada ka sayi komai.

Abin da Shut down yake kashewa, da abin da yake bari

Tun da kamfanin Intel ya fito da tsarin ATX a 1995, maɓallin gaban kwamfuta ya daina zama makunni mai yanke wuta. Saƙo kawai yake aika wa madabod. Shi kuma madabod ba zai ji saƙon ba sai yana da 'yar wuta a jikinsa, shi ya sa fawa fak, akwatin da ke raba wuta a cikin CPU, yake ci gaba da ba shi volt 5 ta wata waya mai launin shunayya muddin fulogi yana bango. Da wannan wutar ce wasu ramukan USB suke cajin waya bayan an kashe, da ita ce fitilar kibod ko ta mawus take ci cikin dare.

Monita kuwa na'ura ce mai zaman kanta, wutarsa daban. Kwamfuta ba ta iya kashe shi. Iyakarta ta daina turo masa hoto, shi ya lura da haka ya kwanta. Ƙungiyar VESA, mai tsara ƙa'idojin monita, ita ce ta tsara wannan yarjejeniya a 1993 ta kira ta DPMS. A kebul na VGA akwai bugu iri biyu da kwamfuta take aikawa don hoto ya tsaya daidai, na kwance da na tsaye. Idan duka biyun suka ɗauke, monita ya san an tashi aiki. A HDMI da DVI da DisplayPort kuma akwai wasu ƙananan layuka da ba sa ɗaukar hoto: ɗaya na ɗaukar 'yar wuta, ɗaya na shaida wa kwamfuta cewa an jona monita, wasu kuma ta nan monita yake faɗa mata sunansa da girman hoton da yake iya ɗauka, bayanin da ake kira EDID. Yawancin rikicin bayan kashewa a kan waɗannan ƙananan layukan yake faruwa.

Mataki na 1: Karanta fitila da rubutu kafin ka taɓa komai

Kashe kwamfutar yadda ka saba, ka ja kujera ka zauna minti biyar kana kallon monita. Mutane ba sa son wannan matakin, hannu ya fi sauri zuwa kan kebul, amma rabin amsar a nan take.

Idan rubutu ya fito na ɗan lokaci, No Signal ko Entering Power Save Mode, sannan fuskar ta yi duhu, fitilar gaba ta koma ruwan lemo ko ta riƙa ƙiftawa a hankali, to babu abin da ya lalace. Haka aka gina shi. A wannan halin monitan zamani ba ya cin ko wat ɗaya cikakke. Mutane da yawa da suke kawo ƙorafi a nan nasu yake ƙarewa.

Idan rubutun Check Signal Cable ne, ko No Cable, ko Cable Not Connected, kuma ya daɗe yana yawo, monitan yana ganin babu kebul a jikinsa alhali akwai. Wannan ya karkata ga kebul ko raminsa.

Idan babu rubutu, fuskar baƙa ce amma da ɗan haske a bayanta, wanda za ka fi gani idan ka kashe ƙwan ɗaki, kuma fitilar gaba ba ta canja launi ba, to har yanzu wani abu yana turo masa sigina. Ko kwamfutar ba ta gama mutuwa ba, ko akwai kwanbata a tsakani, wato ɗan abin da ke juya sigina daga wani irin kebul zuwa wani, mai wutarsa daban.

Idan yana kwanciya yana farkawa, ya nuna HDMI, ya nuna VGA, ya kwanta, ya sake tashi, yana laluben mashiga ne. Wannan maganar saiti ce, za mu zo kanta.

Mai amfani da talabijin a matsayin monita ya sani cewa yawancin talabijin ba sa kwanciya irin ta monita. Shuɗin allo za su nuna su yi ta jira, wasu su kashe kansu bayan wasu mintuna idan an kunna wannan zaɓin a menu, kuma da safe da rimot za ka tashe su. Halinsu ne haka.

Kada ka raina zancen don ka ga fitila ce kawai. Tsohon monita mai inci 19 irin mai ƙwan dogo a bayansa yana iya cin wat 30 idan haskensa a kunne yake. Awa 10 na dare ya zama wat-awa 300. Batirin inbata mai volt 12 da 100Ah a lissafi wat-awa 1,200 yake ɗauka, ka ga kashi ɗaya cikin huɗu ya tafi a kan kallon No Signal.

Mataki na 2: Tabbatar kwamfutar ta mutu da gaske

Daga Windows 8, wadda ta fito a 2012, Microsoft ta sa wani abu mai suna Fast Startup, kuma a kunne yake zuwa a yawancin kwamfutoci. Idan ka danna Shut down, Windows tana rufe manhajojinka, amma zuciyar tsarin da direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke tafiyar da sassan kwamfuta, har da direban hoto, sai ta tattara su ta ajiye a wani fayil mai suna hiberfil.sys, gobe ta ɗauko su yadda suke. Kwamfuta tana saurin tashi, gaskiya ne. Sai dai idan direban hoto ya kwanta da wani bayani game da monita, da safe ya tarar abin ya canja, misali an ɗauke wuta cikin dare ko an sauya kebul, yana iya ruɗewa ya bar ka da baƙin allo.

Ga yadda za ka gani da idonka. Buɗe Task Manager, shiga Performance, danna CPU, dubi Up time. Idan kullum kana kashewa amma ya nuna kwana tara, Fast Startup ne.

Gwajin ba wuya. Riƙe maɓallin Shift ka danna Shut down, kada ka saki sai allon ya ɗauke. Wannan cikakkiyar kashewa ce. Ko ka buɗe Command Prompt ka rubuta:

shutdown /s /t 0

Idan da wannan monita ya kwanta lafiya, kuma washegari hoto ya fito ba gardama, ka kama ɓarawon. Je Control Panel, Power Options, Choose what the power buttons do, danna Change settings that are currently unavailable, ka cire alamar da ke kan Turn on fast startup, ka adana. A kwamfuta mai SSD bambancin saurin bai kai a yi magana ba, ni kusan duk wadda ta biyo ta hannuna sai na kashe shi.

Idan kuma kwamfutar tana farkawa da kanta daga barci ta tada monita, rubuta powercfg /lastwake don ganin abin da ya tashe ta na ƙarshe, sannan powercfg /devicequery wake_armed don ganin na'urorin da aka ba izinin tashinta. Mawus ya fi kowa wannan laifin, ko teburi aka ɗan girgiza ya isa. A Device Manager, cikin Power Management na mawus ɗin, za ka cire masa izinin.

Wata dabara ta gaggawa: idan ka kunna, ka ji sautin Windows amma allo baƙi, danna Windows da Ctrl da Shift da B tare. Za ka ji ɗan ƙara, direban hoto ya sake tashi. Idan laftof ce aka jona wa monita, danna Windows da P, domin wataƙila an bar ta a kan PC screen only.

Mataki na 3: Raba su, ka zubar da ragowar wuta

Kashe komai. Zare kebul na hoto daga ɓangarorin biyu. Kunna monita shi kaɗai. Lafiyayyen monita zai nuna tambarin kamfaninsa, ya nuna rubutun rashin kebul a fili ba rawa. Idan ya yi haka, cire shi daga zargi tukuna. Idan ya kasa, tsallake zuwa mataki na 7.

Yanzu zare fulogin monita da na CPU daga bango. Danna maɓallin kunna CPU ka riƙe daƙiƙa 30; wani lokaci za ka ga fanka ta ɗan motsa, ragowar wutar kafasita, 'yan kayan ciki masu ajiye wuta, ce take fita. Jira minti ɗaya. Jona kebul na hoto tun babu wuta, sannan ka mayar da fulogai, ka kunna monita, daga ƙarshe CPU.

Wannan yana gyara baƙin allo sau da yawa, amma ka lura: idan sai ka yi haka kowace safiya, tsugune ba ta ƙare ba. Alama ce cewa wani abu yana riƙe wuta a inda bai kamata ba, kuma zargin ya koma kan kebul.

Kafin ka wuce, leƙa bayan CPU. Idan akwai katin hoto na daban, wato ƙarin allo mai fitar da hoto da ake sokawa a madabod, ramukansa suna ƙasa, a kwance. Na madabod suna sama kusa da ramukan USB. Yaron shago ya share ƙura ya mayar da kebul a ramin madabod, an sha yin haka, kuma a kwamfutoci da yawa wannan ramin ba ya aiki idan akwai kati.

Mataki na 4: Kebul, kowanne da halinsa

VGA shi ne mai shuɗin kai da kusoshi biyu, IBM ta fito da shi a 1987, haƙoransa 15 a jeri uku. Har yau shi ya fi yawa a shagunan buga takardu da ofisoshi saboda tsoffin monitocin da ake shigowa da su. Zare shi ka haska da tocilan. Haƙori na 1, na 2 da na 3 su ne ja, kore da shuɗi. Idan na ja ya lanƙwashe hoto zai koma shuɗi-kore, idan na kore ne ya koma ruwan hoda, idan na shuɗi ne ya koma ruwan ɗorawa. Na 13 da na 14 su ne bugun nan biyu da na ambata. Matsala a kansu tana sa monita ya kwanta alhali kwamfuta a kunne take. Na 12 da na 15 ta nan EDID yake bi, idan sun yanke Windows ba za ta san sunan monita ba, tana iya turo girman hoton da ya fi ƙarfinsa, ka ga Out of Range. Idan ka ga gurbin na 9 babu haƙori kada ka damu, kebul da yawa haka aka yi su. Monitoci da yawa kuma da ɗaya daga cikin haƙoran at (ground) suke gane an jona kebul, shi ya sa kebul mai araha ko wanda bai zauna ba yake sa akwatin No Cable ya kwana yana yawo. Lanƙwasasshen haƙori ana miƙe shi a hankali da bakin biro marar tawada ko ɗan hantsaki. Ɗaure kusoshin biyu daidai wa daida. Lokacin hunturu a hure ƙura daga ramin kafin a mayar.

Kwanbata na HDMI zuwa VGA hanya ɗaya yake tafiya, daga HDMI na kwamfuta zuwa VGA na monita, ba ya komawa baya. A cikinsa akwai ɗan cif mai buƙatar wuta, daga volt 5 na HDMI yake sha, wasu kuma suna da wayar USB ta ƙari. Idan ka soka wannan wayar a ramin USB da ba ya mutuwa bayan Shut down, ko a kan cajar waya, wasu kwanbatocin suna ci gaba da turo wa monita baƙin hoto. Shi a ganinsa aiki ake yi, ba zai kwanta ba. Zare wayar USB ɗin bayan ka kashe. Idan monita ya kwanta nan take, ka gane.

HDMI haƙoransa 19. Na 18 ne mai volt 5, na 19 ne mai shaida an jona, na 13 kuma shi ne CEC, layin da na'urori suke ba juna umarnin kunnawa da kashewa. Kowane kamfani da sunan da ya ba shi: Anynet+ a Samsung, SimpLink a LG, Bravia Sync a Sony. Yawancin katunan hoto na kwamfuta ba sa amfani da CEC, amma idan talabijin ɗaya ce aka jona wa kwamfuta da dikoda, dikodar na iya tada ta ko ta sauya mata mashiga. Kashe CEC a menu ka gani. HDMI ba shi da kusa, nauyin kebul kawai yana sa shi ya saki, don haka kada a bar shi yana reto.

Akwai abu ɗaya da ya fi damun mu a nan gida, wato soket marar wayar at, wayar nan ta uku da ke kai wuta ƙasa. Idan ka taɓa ƙarfen kan kebul ko jikin CPU ka ji wuta tana ɗan tsikarinka, wutar da ya kamata ta bi ƙasa ce ta rasa hanya. A wannan halin soka HDMI alhali na'urorin suna kunne yana iya ƙona ramin, wani lokaci har da ɗan tartsatsi. Ya fi muni idan CPU yana kan inbata, monita yana kan janareta. Haɗa su a ekistenshan ɗaya, ka kira mai wayarin ya duba at, kuma ka riƙa jona kebul bayan ka zare fulogi.

DisplayPort shi ne inda zan daɗe, domin shi ne mai fitilar nan da ke ci bayan an zare fulogi. VESA ta fito da shi a 2006. Yana kama da HDMI amma gefe ɗaya ne kawai a yanke, haƙoransa 20, kuma da yawansu suna da 'yan ƙugiyoyi: sai ka danna saman kan sannan ka ja. Wanda bai sani ba ya fizga da ƙarfi yana iya fito da ramin gaba ɗaya.

Haƙori na 20 yana ɗauke da volt 3.3. An tanade shi ne don ciyar da ƙananan adafta, irin na DisplayPort zuwa VGA. Abin lura shi ne kwamfuta tana fitar da wannan wuta ta raminta, monita ma yana fitarwa ta nasa. Saboda haka ƙa'idar VESA ta ce kebul na yau da kullum da ke haɗa kwamfuta da monita kada a ja waya tsakanin haƙori na 20 na wannan kai da na wancan. Wasu masu ƙera kebul mai araha sai su haɗa duka ashirin ɗin. Da ka kashe kwamfuta, wutarta ta sauka, ta monita tana nan, sai ta biyo kebul ta shiga katin hoto ta baya. Daga nan abubuwan mamaki suke farawa: fitila a madabod, kwamfuta ta ƙi tashi sai an zare kebul, monita ya ƙi farkawa daga barci.

Wani mai ɗab'in hotuna ya taɓa kawo mini CPU har sau biyu a kan ba ya tashi da safe. A teburina yana tashi lafiya, domin da VGA nake gwadawa. Har ya sayi sabon fawa fak a wani wuri, kuɗi sun tafi a banza. Karo na uku na ce, "Alhaji, don Allah a haɗo mini da monitan da kebul ɗinsa yadda suke a shago." Minti biyu bai cika ba muka gani.

Gwajin da muka yi kai ma za ka iya, ba sai da mita ba. Kashe kwamfuta, zare fuloginta daga bango, riƙe maɓalli daƙiƙa 30. Bar monita a jone da wuta, DisplayPort a jikinsu duka. Dubi madabod da katin hoto, idan akwai fitila mai ci ko da dishi-dishi, zare DisplayPort. Idan ta mutu nan take, ka mayar ta dawo, kebul ɗin ne. Idan madabod ɗinka ba shi da fitila, yi gwajin dare: zare kebul ɗin bayan ka kashe, da safe ka jona kafin ka kunna. Kwana uku ba matsala ya isa shaida. Maganinsa sabon kebul, wanda ya fi dacewa mai tambarin amincewar VESA, ko wanda ya zo a kwalin monita. Wasu suna liƙe haƙorin da salatif. Ban ba da wannan shawara ba, haƙoran sun yi ƙanana, garin gyaran gira a rasa ido.

Ko wane iri ne kebul ɗinka, aro wani wanda ka san yana aiki ka gwada, kuma abu ɗaya za ka riƙa canjawa a lokaci guda. Wanda ya sauya kebul da rami da saiti a tashi ɗaya, ko abin ya gyaru bai san me ya gyara shi ba.

Mataki na 5: Menu na monita

Danna maɓallin menu ka nemi Input ko Source. Idan yana kan Auto, mayar da shi kan mashigar da kake amfani da ita. Wannan kaɗai yana tsayar da kwanciya da farkawar nan.

Wasu monitoci suna da Deep Sleep ko wani yanayin tsimin wuta mai zurfi. Idan ya shiga, yana yanke har layin da ke shaida wa kwamfuta cewa yana nan, sai ta ɗauka an zare shi. Da safe ya ƙi farkawa sai ka danna maɓallinsa. Kashe zaɓin. Wannan halin ne kuma yake sa mai monita biyu a DisplayPort ya dawo daga sallah ya tarar duk tagoginsa sun taru a allo ɗaya. A Windows 11 akwai magani a Settings, System, Display, Multiple displays: sa alama a kan Remember window locations based on monitor connection.

Idan katin hotonka tsoho ne kuma menu yana ba da zaɓin sigar DisplayPort, sauko da ita, misali daga 1.4 zuwa 1.2, ko daga 1.2 zuwa 1.1. Idan duk ka rasa gane me aka taɓa, akwai Factory Reset.

Mataki na 6: BIOS

BIOS shi ne shafin saitin madabod, ana shigarsa ne da danna maɓalli da zarar an kunna: F2 a Dell, F10 a HP, F1 a yawancin Lenovo na tebur, Delete a kwamfutocin haɗi. Abu uku za ka duba.

Na farko shi ne wanda yake yanke wutar jiran nan. A madabod na haɗi sunansa ErP, daga dokar Tarayyar Turai da ta taƙaita wutar da na'ura za ta ci a kashe zuwa wat ɗaya a 2010, sannan rabin wat a 2013. A Dell Deep Sleep Control ne, a HP S5 Maximum Power Savings. Ka kunna shi, ramukan USB za su mutu tare da kwamfuta, kwanbatan nan ma ya yi shiru. Abin da za ka rasa shi ne cajin waya a kashe da tada kwamfuta ta netwok.

Na biyu ya shafe mu ƙwarai. Sunansa AC Recovery, ko After Power Loss, ko Restore AC Power Loss. Idan yana kan Power On, duk lokacin da aka kawo wuta kwamfuta za ta kunna kanta ta tada monita, ko ƙarfe uku na dare ne. Mai shago ya zo da safe ya rantse ya kashe, kuma gaskiyarsa. Mayar da shi Power Off.

Na uku, idan akwai katin hoto, duba Primary Display ya nuna katin. Idan ka gyara waɗannan saituka amma suna komawa yadda suke duk lokacin da aka zare fulogi, agogon kwamfuta ma yana ɓata, ɗan batirin madabod ne ya mutu. CR2032 ne, mai volt 3, kamar kwabo, masu gyaran agogo ma suna sayarwa.

Mataki na 7: Idan monitan ne da kansa

Alamar da ta fi yawa ita ce wannan: muddin yana kunne yana aiki lafiya, amma in ya kwana a kashe, da safe fitilarsa ta yi ta ƙiftawa, sai bayan minti biyar ko goma hoto ya fito, kuma kullum jiran yana ƙaruwa. Kafasitocin fanel ɗin wuta ne suka gaji. Idan suka yi sanyi ba sa riƙe caji, in sun ɗumama su ɗan farfaɗo. Zafinmu da hawa da saukar wuta suna saurin tsufar da su, balle monitan da ya riga ya yi shekaru a wata ƙasa kafin ya iso.

Wata alamar: hoto ya fito daƙiƙa biyu ya ɓace, fitilar gaba tana nan a launin aiki. Kusanto da tocilan jikin gilashin ta gefe. Idan ka hango inuwar hoto, sigina yana zuwa, hasken baya ne ya mutu, kebul ba ruwansa.

Idan monitan mai adafta ne a waje kamar na laftof, karanta abin da aka rubuta a bayansa, volt 12 ko 14 ko 19, ka gwada wani adaftan mai volt daidai da nasa, da amfiya daidai ko sama. Kada a yi cikon "ai bakin ya shiga".

Buɗe monita kuwa aikin mai gyara ne. Babban kafasitan ciki yana riƙe sama da volt 300 bayan an zare fulogi, kuma masu ƙwan dogo suna da sashen da ke haura haka nesa. Kai masa, ka faɗa masa alamun da ka gani da gwaje-gwajen da ka yi, ka tafi masa da kebul ɗinka. Kafasitan da ya gaji sau da yawa kansa a kumbure yake, wani har da tsatsa-tsatsa a samansa. A sa masu ƙima ɗaya da na asali, volt daidai ko sama, waɗanda aka rubuta wa 105°C, kuma a canja duk 'yan layin tare ko da ɗaya ne ya kumbura. Idan ya ce sai an sauya fanel gaba ɗaya, ka ce ya buɗe a gabanka ya nuna maka kafasitocin tukuna.